Roscoff da Koriyar Tsutsarta

Mutanen Ingila sun san garin Roscoff, da ke gaɓar yankin Bretagne a arewa maso yammacin Faransa, da albasa tun kafin masana su waiwaye shi, domin tun 1828 manomansa ke ƙetara ruwa suna tallar ta gida-gida. Abin da ya sa Henri de Lacaze-Duthiers, malamin ilimin dabbobi a jami'ar Sorbonne, ya kafa tashar nazarin halittun teku a can a 1872 kuwa shi ne halin tekun wurin, wadda takan janye sau biyu a kullum, wani lokaci ta sauka fiye da mita 8, ta bar duwatsu da kududdufai a fili, har mai bincike ya taka da ƙafa ya ɗebi abin da yake nema.

A jiƙaƙƙen yashin da ke tsakanin duwatsun nan ake ganin wasu korayen tabo, waɗanda baƙo zai ɗauka gansakuka ce, alhali dubban tsutsotsi ne masu shimfiɗaɗɗen jiki, kowace tsawonta 'yan milimita kaɗan. Idan ruwa ya janye sai su fito su sha hantsi, da zarar kuma ƙasa ta girgiza, ko da takun mutum ne, sai su nutse cikin yashi. A 1879 Patrick Geddes, ɗan Sikotland, ya nuna cewa suna fitar da iskar oksijin idan rana ta haska su, aikin da a lokacin aka fi sanin tsirrai da shi, sannan a 1891 Ludwig von Graff ya raɗa wa tsutsar suna Convoluta roscoffensis, wato ta Roscoff.

Frederick Keeble da Frederick Gamble ne suka warware matsalar yadda tsutsa ke aikin tsirrai a farkon ƙarni na 20, kuma hujjarsu ta fi ta magabatansu ƙarfi saboda sun reni tsutsar tun daga ƙwai. Sun gano cewa ba ta da launi idan ta ƙyanƙyashe, sai ta haɗiye wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya, wadda ba ta narkewa a cikinta, ta zauna tana hayayyafa tana ciyar da ita da abin da ta sarrafa daga hasken rana. Wadda ba ta samu gansakukar ba kuwa mutuwa take yi. Binciken ƙwayoyin gado na 1999 ya fitar da danginta daga rukunin shimfiɗaɗɗun tsutsotsi na ainihi, kuma yau Symsagittifera roscoffensis ake kiran ta, ana ci gaba da renon ta a tashar.