Daga Alfawa zuwa Minna: Hukuncin Mai Kallo da Ƙuri'ar Mai Zaɓe

Malaman makaranta da 'yan boko da yawa sun daɗe suna kallon wasan kwaikwayo mai dogon zango a matsayin shagala, abin da ke ɗauke hankalin mata da matasa daga lamurran da suka shafi rayuwarsu. A ɗaya gefen kuma akwai ƙungiyoyin wayar da kai masu ganin cewa da zarar an nuna wa talaka azzalumin gwamna a akwatin talabijin, to an gama, gobe zai je ya kaɗa ƙuri'ar gaskiya. Duka biyun, a ganina, sun raina mai kallo. Hujjar wannan maƙala ita ce muhawarar da masoya waɗannan shirye-shirye ke tafkawa siyasa ce ta haƙiƙa, domin a cikinta ne jama'a ke yanke hukuncin da tsarin zaɓe ba ya ba su filin yankewa. Sai dai hukunci ne mai tawaya, kuma tawayar tana bin mutum har rumfar zaɓe.

Minna wuri ne da ya dace da wannan nazari. Garin Gwari ne tun asali, hanyar jirgin ƙasa ta raya shi a farkon ƙarni na 20, ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976. Banufe da Bagwari da Bakambare da Bayarabe, in sun haɗu a Kasuwar Kure, galibi da Hausa suke ciniki, kuma da Hausa suke kallo. Wannan ba sabon abu ba ne: marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya shafe shekaru yana sa Arewa dariya da Hausar bariki, Banufe ne. Abin lura shi ne kusan duk abin da ake kallo a Minna a yau daga Kano yake zuwa. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ita ta kawo Daɗin Kowa, sannan a 2019 ta kawo Kwana Casa'in, shirin da aka gina a kan siyasar wata ƙirƙirarriyar jiha mai suna Alfawa, inda Gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, ke fafutukar riƙe kujera, Malam Adamu kuma yana ƙalubalantarsa. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka buɗe zamanin YouTube.

Yadda ake kallon ma abin dubawa ne. Jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ba kowane dare take ba mazauna unguwannin Kpakungu ko Maitumbi wuta ba, don haka kallo ya koma waya. A shagon caji, yaro yana zaune gaban kwamfuta, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, mutane na miƙo katin ajiya ana tura musu sabon kashi a kan 'yan kuɗi kaɗan. Daga nan shirin ke shiga gidaje, a kalla a tsakar gida, kai huɗu a kan waya ɗaya, washegari kuma ya fito teburin mai shayi da wurin masu kitso. A nan ne ake zaman shari'a. Za ka ji wani ya ce, "Wallahi marubucin nan ya raina mana hankali, ta yaya mutumin da ya sha wuya haka zai yafe cikin dare ɗaya?" Wata ta ce, "Ke dai ki bari, wannan akwai wanda ke juya shi, ba yin kansa ba ne." Dattijo ya gyara zama ya ce, "Ai duk wanda ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba, ƙarya zai yi."

A duba waɗannan kalamai da kyau. Na farko yana neman daidaito tsakanin abin da mutum ya yi jiya da abin da yake yi yau. Na biyu yana neman ubangidan da ke bayan fage. Na uku yana auna gaskiyar magana da yanayin mai yin ta. Waɗannan su ne tambayoyin da ake fatan mai zaɓe ya yi wa ɗan takara. Ien Ang, a nazarinta na 1985 kan masu kallon shirin Dallas a ƙasar Holan, ta nuna cewa mai kallo ya san labarin ƙage ne, abin da yake nema shi ne gaskiyar da zuciya ke shaidawa. Liesbet van Zoonen kuma, a littafinta na 2005, ta yi nuni da cewa masoya shiri da magoya bayan jam'iyya aiki iri ɗaya suke yi: tara bayani, muhawara, ƙulla ƙawance, da ba da zuciya. Wanda ya zauna a majalisar unguwa a Limawa ko Bosso ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Bakin da ya gama tsige Bawa Maikada shi ne zai juya, ko numfashi bai sauke ba, ya kama kwamishina ko ɗan majalisa.

Bambancin yana wajen iko. Mai kallo yana da ƙuri'a kowane mako. In labari ya yi sanyi, adadin masu kallo a YouTube zai faɗi, kuɗin talla ya ragu, furodusa ya ji a jikinsa kafin kashi na gaba. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, ce-ce-ku-cen da ya biyo baya ya nuna yadda masu kallo ke ɗaukar kansu a matsayin masu haƙƙi a cikin labarin, waɗanda dole a yi musu bayani. Kuma masu shirya fim sukan fito su yi bayanin, su ba da haƙuri, domin abincinsu yana hannun waɗannan mutane.

Mai zaɓe a Neja fa? Shi sau ɗaya ake tambayarsa a shekara huɗu, kuma kafin a zo gare shi an riga an rubuta mafi yawan labarin. Tun 1999 kujerar gwamna take zagayawa tsakanin shiyyoyi uku bisa tsarin karɓa-karɓa: Abdulkadir Kure daga shiyyar Bida da Lapai, Mu'azu Babangida Aliyu daga shiyyar Minna a 2007, Abubakar Sani Bello daga shiyyar Kontagora a 2015, sannan Mohammed Umar Bago ya maido ta shiyyar farko a 2023. Manyan jam'iyyu biyu suna mutunta wannan juyi, shi ya sa a 2015 da 2019 Sani Bello da Umar Nasko, 'yan shiyya ɗaya, suka kara, a 2023 kuma Bago da Isah Liman Kantigi, su ma 'yan shiyya ɗaya. Ban ce tsarin ba shi da amfani ba. A jihar da ke da ƙabilu da yawa, ya rage zargin danniya, ya kuma kashe wutar da ta ci wasu jihohin. Amma farashinsa shi ne kashi biyu cikin uku na jihar an cire su daga takara tun kafin a buga fosta, ragowar aikin kuma daliget ke ƙarasa shi a zaɓen fid da gwani.

A ƙara da nasaba. Abubakar Sani Bello ɗa ne ga Kanar Sani Bello, tsohon gwamnan soja na Kano, kuma surukin Janar Abdulsalami Abubakar. Abokin karawarsa, Umar Nasko, ɗa ne ga Janar Gado Nasko. Marubucin fim da ya kawo irin wannan saƙa, wataƙila masu kallo su ce ya yi yawa. Sannan ga gidajen kan tudu. Duk kakar zaɓe mutanen Minna suna ganin jerin gwanon motocin 'yan takarar shugaban ƙasa suna hawa gaishe da Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami, wanda ke shugabantar kwamitin da ke sa 'yan takara hannu a yarjejeniyar zaman lafiya tun zaɓen 2015. (Babangida, in an tuna, shi ne a 1989 gwamnatinsa ta ƙirƙiri jam'iyyu biyu, SDP da NRC, ta rubuta wa kowace manufofinta, ta gina musu ofisoshi, sannan da labarin ya kai ƙarshen da ba a so a ranar 12 ga Yuni 1993, aka soke shi.) Mutumin da ya tashi a irin wannan gari, in ya ce siyasa wasan kwaikwayo ce, bayanin abin da idonsa ya gani yake yi. A zaɓen gwamna na Maris 2023, cikin masu rajista kusan miliyan 2.7 a jihar, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan ɗaya ba.

Akwai dalili na biyu da ya sa muhawarar fim ke ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta. Alfawa ba ta cikin taswira, saboda haka zagin gwamnanta ba ya kai mutum caji ofis, ba ya hana shi takin gwamnati, ba ya ɓata shi da mai gidan haya. Hausawa sun san amfanin habaici da gugar zana tun kafin talabijin, kuma shirin siyasa ya ba su sabon bango da za su jefa magana ta dawo kan wanda ake nufi. Cewa wannan kariya tana da amfani, abin da ya faru a 2025 ya isa shaida, lokacin da Gwamna Bago ya ba da umarnin rufe gidan rediyon Badeggi FM da ke Minna bisa zargin tunzura jama'a, matakin da ƙungiyoyin 'yan jarida suka yi tir da shi. Masu mulki su ma sun san fim ba wasa ba ne: a watan Mayu na shekarar, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, har sai sun bi ƙa'idar tantancewa. Wato hukumar wata jiha tana iya yanke abin da mai kallo a unguwar Tunga zai gani, alhali bai zaɓi wanda ya naɗa ta ba.

Yanzu ga tawayar. Wasan kwaikwayo da mutane yake aiki, da fuska da murya da hawaye, don haka duk matsalar da ya taɓa sai ya mayar da ita matsalar hali. Asibiti ya lalace saboda gwamna mugu ne, gaskiya ta fito saboda ɗan jarida irin Sahabi na Kwana Casa'in jarumi ne. Kasafin kuɗi, da yadda ake ba da kwangila, da majalisar dokokin da ba ta tambayar gwamna komai, da ma'aikacin da ke riƙe fayil, waɗannan ba sa kyau a kyamara. Mai kallo sai ya ƙware matuƙa wajen gane munafuki, amma ba a koya masa tambayar me zai hana mutumin kirki lalacewa in ya hau kujerar da babu mai sa mata ido. Wannan ya dace da wata tsohuwar ɗabi'ar siyasarmu ta jiran mai gaskiya guda ɗaya da zai zo ya gyara komai, ɗabi'ar da ta cika akwatuna a 2015, Neja ma ba a bar ta a baya ba. Shekara shida bayan haka, a 2021, aka kwashe ɗaliban makarantar Kagara a watan Fabrairu, aka kwashe yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayu, kuma babu wani bayani na hali da zai iya fassara yadda aka yi jami'an tsaro da dagatai da ƙananan hukumomi duk suka gaza a lokaci guda. Misali mafi girma a waje shi ne Yukren, inda Volodymyr Zelensky ya fito a fim a matsayin malamin makarantar da ya zama shugaban ƙasa, sannan a 2019 aka zaɓe shi da gaske da kusan kashi 73 cikin 100. Ko me mutum zai ce game da mulkinsa, abin da jama'a suka sani game da shi ranar zaɓe hali ne da marubuta suka tsara.

Wani zai ce ai masu kallo ba yara ba ne, suna bambance jarumi da rawar da ya taka. Gaskiya ne, kuma kakar zaɓe ce ke tabbatar da hakan, domin a lokacin ne taurarin Kannywood da mawaƙa ke hawa mumbarin kamfe. Dauda Kahutu Rarara ya yi wa Buhari waƙa, ya yi wa Tinubu. Ali Nuhu ya zama shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a Janairun 2024. Masoya sukan rabu biyu, wasu su ce sana'a ce, kowa da inda yake cin abinci, wasu su ce an sayar da su. Amma a lura da abin da ake gardama a kai: amana, butulci, kwaɗayi. Har a nan ma'aunin bai sauya ba. Ba kasafai ake jin wanda ya tambayi abin da ɗan takarar da jarumin ke tallatawa ya ce zai yi da ruwan famfo a Minna ko hanyar Suleja ba.

Wannan ya sa nake ganin gyaran yana hannun marubuta fiye da masu wa'azin wayar da kai. Masu kallon da ke iya riƙe zaren labari na zango biyar, su tuna alkawarin da wani ya ɗauka a kashi na uku su tuhume shi a kashi na arba'in, za su iya bin labarin kuɗi in an saƙa shi da gwaninta. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Neja tana da ƙananan hukumomi 25, kowace da ciyaman da kansiloli da ma'aji da ɗan kwangila da ubangida a Minna. Shirin da zai bi kason wata guda na ƙaramar hukuma ɗaya, daga ranar da ya bar Abuja zuwa ranar da malamin firamare ya ji ko bai ji ƙarar albashi a wayarsa ba, yana da makirci da cin amana da surukuta da suka isa zango uku, kuma dole a rubuta shi da Hausar Minna, wadda Nufanci da Gwaranci suka ratsa, domin a Kano ba a san yadda karɓa-karɓar shiyyoyi ke shiga har cikin naɗin sakataren ƙaramar hukuma ba.