Daga Huhun Goro Zuwa Jakar Sanduna

Ranar da na sanar a rediyo cewa zan yi shiri a kan lafiyar jikin ’yan wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wani dattijo ya bugo waya daga Bawku. Ya ce, “Ɗana, abin magana ne ya ƙare muku? Mu da ko filin ba mu taɓa gani ba?” Na yi dariya na ba shi gaskiya. Babu filin golf a Salaga inda aka haife ni, babu a Yendi inda na yi makaranta, babu a garinsa. Amma akwai abin da ban samu damar faɗa masa ba kafin layin ya yanke. Wasan bai zo wurinmu ba, mu ne muka je wurinsa, kuma da bayanmu muka je.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya bar Salaga yana saurayi ya yi kudu neman kuɗi. Aikin da ya samu shi ne ɗaukar wa masu wasa jakar sanduna a wani fili. Ya yi shekaru yana bin su daga rami zuwa rami, har ya iya bugun fiye da wasu iyayen gidansa. Yau yana gida, a zaune yake sallah. Saboda shi na shiga bin tarihin wannan al’amari, sai na ga ashe zaren ya faro tun kafin a haifi kakansa.

A ƙarni na 19 Salaga ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Goron daga dazukan Asante yake fitowa, fatake kuma su zo daga Kano, Katsina da Sakkwato su saya. Babbar hanyar takan bi ta Nikki da Zugu da Sansanin Mango, ta faɗo Yendi, sannan Salaga. Wata kuma takan haura arewa ta Gambaga da Bawku zuwa ƙasar Mosi. Tafiya ce ta watanni, a ƙasa. Jakuna ke ɗaukar wani kayan, sauran kuwa a kan mutane yake, wasu ’yan alaro masu karɓar lada, wasu bayi da ba a tambayi ra’ayinsu ba. Kada mu ɓoye wannan, domin Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro.

Abin da ya ja hankalina shi ne tsarin tafiyar. Madugu ba ya barin ayari ya yi abin da ya ga dama. Da sanyin safiya ake tashi, a sauka a zango kafin jiki ya ƙare. Mai ɗaukar huhun goro yana da gammo da zai raba masa nauyi a ka. Yana da loko, wato inda zai jingina kayan ya sarara ba tare da ya sauke su ƙasa ba, saboda sunkuyawa a ɗaga kaya daga ƙasa ita ce mai cin baya. Ba tausayi kaɗai ya kawo wannan tsari ba, har da lissafi. Mutum ɗaya ya gurgunce a daji, kayansa sun zama nauyin kowa. Tafiya sannu-sannu kwana nesa, a wurinsu ba karin magana ba ce kawai, dokar aiki ce.

Wannan duniyar ta fara rushewa a 1874, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya fara kauce mata. Yaƙin basasar 1892 ya watsa ’yan kasuwar garin. Da yawa, har da babban malamin nan Alhaji Umaru, suka koma Kete-Krachi. A 1896 Jamusawa suka ci Dagomba a Adibo kusa da Yendi. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga nan ya hau dogo. Ayari ya mutu, amma buƙatar neman abinci ba ta mutu ba. Jikokin fatake da na masu dako suka riƙa gangarawa kudu, gonakin koko, ramukan zinariya da kasuwanni.

A daidai wannan zamanin ne golf ya sauka a ƙasashenmu. Asalinsa Sikotilan ne, inda a 1457 majalisar ƙasar ta haramta shi don yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. A St Andrews aka tsayar da ramuka 18 a 1764. Turawan mulki da na kamfanoni suka taho da shi duk inda suka yi mazauni. An buɗe filin Rayfield na Jos a 1913 saboda masu haƙar kuza, na Kaduna a 1921, na Achimota a Akara a 1934. Kano na da nata, haka Kumasi da Obuwasi garin zinariya. Ka dubi jerin nan za ka ga inda mulki da ma’adinai suke. Garuruwan ayari irin namu ba sa ciki. Amma kowane Bature mai wasa yana buƙatar wanda zai ɗaukar masa jaka, ta wannan ƙofar baƙar fata ya fara shiga filin. Ko a Amurka haka ne. Lee Elder, baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters a 1975, da ɗaukar jaka ya fara.

To, me wasan yake yi wa jiki? Mai kallo daga nesa zai ce yawo ne na masu kuɗi. Amma zagaye ɗaya na ramuka 18 tafiya ce ta kilomita shida zuwa goma, ta kimanin awa huɗu. Doka ta yarda da sanduna har 14 a jaka, jakar ƙwararru kuwa takan kai kilo 15 zuwa 20. Shi bugun kansa bai cika daƙiƙa biyu ba, amma a hannun gwani kan sandar yakan wuce gudun kilomita 160 a awa. Duk wannan ƙarfin daga murɗa jiki yake fitowa, kuma kullum ɓangare ɗaya ake murɗawa. Ƙasan gadon baya an halicce shi ne don lanƙwasawa gaba da baya, ba ya son juyi mai yawa. Juyin aikin ƙugu ne da saman baya. Idan waɗannan sun sandare saboda yawan zama, ƙasan baya ne ke biyan bashin. Shi ya sa ciwon baya ke kan gaba a raunukan ’yan golf, sai gwiwar hannu, wuyan hannu da kafaɗa.

Abin mamaki, manyan wasan sun daɗe ba su yarda cewa ɗan golf na buƙatar motsa jiki ba. Gary Player na Afirka ta Kudu, wanda aka haifa a 1935, yana cikin na farko da suka riƙi ɗaga ƙarfe da atisaye, a lokacin da ake ganin hakan zai ɓata wa mutum bugu. Ya ci manyan kofuna tara, ya kuma ci gaba da wasa har tsufa. Sai da Tiger Woods ya cinye Masters a 1997 yana ɗan shekara 21, da jiki irin na ɗan tsere, sannan kowa ya nufi ɗakin motsa jiki. Amma labarin Tiger na da fuska biyu. A 2008 ya ci gasar US Open da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa da tsagewar ƙashin ƙwauri. Duniya ta yi ta tafi, jiki kuma ya rubuta bashi. An yi masa aikin baya na farko a 2014, a 2017 aka haɗe masa ƙasusuwa biyu na ƙasan baya. Ya dawo ya ci Masters a 2019, amma da likitoci da dukiyar da ba kowa ke da su ba.

Kawuna bai da ko ɗaya. Na zauna da shi wata rana bayan la’asar na ce, “Kawu, a ina bayan nan ya fara?” Ya ce ba rana ɗaya ba ce. Jaka mai igiya ɗaya yake ratayawa, kullum a kafaɗar dama. Ranar da aka yi sa’a zagaye biyu yake yi, don kuɗin biyu ne. Idan masu gida sun tashi, sai su yaran su samu tsohuwar sanda su yi ta bugu da iya ƙarfinsu, ba miƙa, ba shiri, ana gasar wa zai fi nisa. Ranar da abin ya kama shi sunkuyawa kawai ya yi zai ɗauki jaka. Ya sha magani ya koma aiki washegari, domin wanda bai fito ba, ba shi da na abinci. Ya ce, “Ɗana, kakanmu ya kai kaya Yendi ya dawo sau nawa, ya tsufa a miƙe. Ni a kan ciyawa mai laushi na karye. Shi yana da madugu, ni ba ni da mai ce mini tsaya.”

Wannan maganar ce ta zame mini kan shirin. Abin da masu horarwa ke faɗa yau bai yi nisa da dokar ayari ba. Kada ka fara da ƙarfi: yi minti goma kana tafiya da sauri, kana juya ƙugu da kafaɗu, ka fara bugu da gajerun sanduna kafin dogaye. Ka ƙarfafa cinyoyi, ɗuwawu da tsokar ciki sau biyu a mako, ko da ba ƙarfe, tsuguno da tashi ma aiki ne. Ka riƙa juya jiki ta ɗaya ɓangaren don kada gefe guda ya cinye wahalar. Kada wanda ya yi wata bai taɓa sanda ba ya buga ƙwallo ɗari a yini ɗaya. Mai ɗaukar jaka ya nemi mai igiya biyu, ita ce gammonsa. In zai ɗaga ta, ya lanƙwasa gwiwa, ba baya ba. A ƙasa irin tamu da zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40 a arewa, a fita da sassafe, a sha ruwa tun kafin ƙishi. Ciwon da ya sauka ƙafa, ko ya zo da mutuwar jiki ko rashin ƙarfi, ba na man zafi ba ne, na asibiti ne.

Saura abu ɗaya da ba ya hannun yaro. Mai kuɗin da ke wasa yana iya hutawa idan ya ji ciwo, mai ɗaukar masa jaka ba ya iyawa. Ƙungiyoyin wasan da ke alfahari da shekarun kafuwarsu ya kamata su san adadin zagayen da yaransu ke yi a rana, su ba su ruwa da jaka mai kyau, su sa musu hannu a inshorar lafiya. Fataken da ba su yi boko ba sun san cewa ayari ba ya wuce ƙarfin mai ɗaukar kayansa.

Ga dattijona na Bawku, in wannan rubutu ya kai gare ka, Baba, ga amsar da na rage maka. Ba sai ka ga filin ba. Manomin albasa da ke sara da fartanya ta gefe ɗaya, da ’yarmu da ke dakon kaya a kasuwar Kumasi, da yaron da ke bin mai sanda a kan ciyawa, duk baya ɗaya gare su, kuma ba a sayar da wani a kasuwa. Kawuna ya ce in gaya wa samari su nemi lokonsu tun kafin jiki ya zaɓa musu. Na isar da saƙo. Allah Ya ba shi lafiya, Ya kiyaye mana tamu.