Hanyoyi huɗu na rubutu a wayar shafa: ƙarfin kowace da rauninta

Tun da kamfanin Apple ya fitar da iPhone a shekarar 2007, wayoyi masu fuskar gilashi suka fara ture masu maɓallai, har allon rubutu ya koma hoton da ake taɓawa. A yau ɗan kasuwa kan tura farashi ta WhatsApp, ma'aikaci kuma kan amsa wasiƙar ofis yana cikin mota. Hanyoyi huɗu ne ake bi wajen shigar da rubutu, kuma babu wadda ta fi sauran a kowane hali. Abin da ya kamata a duba kafin zaɓe shi ne irin saƙon da kuma girman asarar da kuskure zai jawo.

Danna haruffa ɗaya bayan ɗaya

Wannan ita ce hanyar da aka fi sani. Jerin haruffanta, wato QWERTY, gado ne daga keken rubutun da Ba'amurke Christopher Latham Sholes ya ƙera, wanda kamfanin Remington ya kai kasuwa a shekarun 1870. A ƙasashen da ake aiki da Faransanci, irin su Nijar, an saba da jerin AZERTY.

A 2019 masana daga jami'o'in Aalto da Cambridge da ETH Zurich sun gwada mutane kusan 37,000. Sun gano cewa matsakaicin sauri kalmomi 36 ne a minti guda, masu aiki da manyan yatsu biyu kuma suna kai 38. Binciken ya kuma nuna cewa masu barin waya ta gyara musu kuskure da kanta sun fi sauri, amma masu tsayawa zaɓen kalmomin da take hasashe sun fi jinkiri, domin ido yakan bar haruffa ya koma duba jerin. Ga lambar asusun banki mai alƙaluma 10, ko adadin kuɗi, ko sunan mutum, dannawa ce ta fi aminci, tunda abin da yatsa ya taɓa shi ne zai fito.

Jan yatsa a kan haruffa

A nan mutum yakan aza yatsa a harafin farko, ya ja shi ta kan sauran ba tare da ɗagawa ba, sai waya ta gane kalmar daga siffar layin. Manhajar Swype ce ta yaɗa dabarar daga 2009, kuma cikin waɗanda suka ƙirƙire ta akwai Cliff Kushler, wanda da ma yana cikin maƙirƙiran T9 na tsofaffin wayoyin maɓallai. An daina sabunta Swype a 2018, amma dabarar ta zauna a Gboard na Google da SwiftKey na Microsoft, Apple kuma ya sa ta a allonsa a 2019.

Amfaninta shi ne hannu ɗaya ya wadatar. Rauninta kuwa shi ne ta dogara kacokan ga ƙamus ɗin da ke cikin waya. Kalmar da ba ta ciki ba za ta fito ba, sai wata mai kama da ita.

Faɗa da baki

Magana ta fi yatsa sauri nesa ba kusa ba. Wani gwaji da jami'o'in Stanford da Washington suka yi tare da kamfanin Baidu a 2016 ya nuna cewa faɗa da baki ya ninka dannawa sau uku a Turanci. A 2024 Google ya sanar da ƙara Hausa cikin harsunan da Gboard ke saurare ya mayar rubutu. Sai dai hayaniyar kasuwa da ƙarar janareta suna rikita ta, haka ma cakuɗa Hausa da Turanci a jimla guda. Ga kuma batun sirri: wanda ya karanta wa waya bayanin ciniki a bainar jama'a ya karanta wa na kusa da shi. Wannan hanya daban take da saƙon murya, wanda ke tafiya a matsayin sauti, ba a kuma iya laluben wata kalma a cikinsa bayan watanni idan gardama ta taso kan farashi.

Rubutu da yatsa ko alƙalami

Ana zana harafi a fuskar waya ta mayar da shi bugagge. Na'urar Palm Pilot ta 1996 ta yi suna da irin wannan. Ita ce mafi jinkiri ga haruffan boko, amma tana da rana ga masu rubutun Sinanci mai dubban alamomi, da dattawan da ƙananan maɓallai ke ba wahala.

Abin da ya shafi mai rubuta Hausa

Kafin zaɓen hanya, a fara da zaɓen harshe. Idan allon yana kan Turanci, gyaran da waya ke yi da kanta yakan mayar da kalmar Hausa ta Turanci, jan yatsa kuma ba zai yi aiki ba. Idan aka ƙara Hausa a saitin Gboard, ana samun ɓ da ɗ da ƙ ta hanyar danne b ko d ko k na ɗan lokaci. Bambancin ba ƙarami ba ne: baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce.

A kuma kula da allon da ake saukewa, domin duk abin da aka rubuta ta cikinsa yake bi. A 2017 bayanan mutane sama da miliyan 31 masu amfani da allon ai.type sun fallasa a intanet.

A taƙaice, dannawa ta dace da lissafi da takardar ofis, jan yatsa da gajeren saƙo, faɗa da baki kuma da dogon bayani a wuri mai shiru. Kowace aka bi, a sake karanta lambobi kafin a tura, domin sifiri guda kan mayar da naira 50,000 ta zama 500,000.