Horon Likitan Yara: Abin da Yake Koya Kafin Ya Zama Ƙwararre

A asibitocin koyarwa, likitan da ke fara duba yaro sau da yawa likita ne mai neman ƙwarewa a fannin yara. Wasu iyaye kan ɗauka ɗalibi ne, har su ƙi amincewa da shi. Ba ɗalibi ba ne. Cikakken likita ne mai lasisi, yana aiki ƙarƙashin kulawar babban likita.

Matakan horo a Najeriya

Bayan shekara 6 a jami'a, likita yakan yi shekara 1 ta sanin makamar aiki, sannan hidimar ƙasa. Idan ya ci jarrabawar share fage, sai ya shiga horon ƙwarewa mai mataki biyu, kowanne da jarrabawarsa. Matakin farko ba ya gaza shekara 2. A na biyu yakan gudanar da bincike, ya kuma jagoranci na ƙasa da shi. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Legas, wadda aka kafa a 1979, da takwararta ta Afirka ta Yamma ne ke shirya jarrabawar.

Inda yake zagayawa

Yana aiki a ɗakin gaggawa na yara, da ɗakin jarirai da bakwaini, da ɗakunan kwanciya, da sashen da ake duba yara su koma gida. Ana kuma koya masa kula da lafiyar yara a cikin al'umma.

Kulawa a matakin farko

Yawancin cututtukan da ke kashe ƙananan yara ana iya tare su da wuri. Saboda haka horon ya ba da ƙarfi ga:

• Rigakafi: allurar ranar haihuwa, da ta sati 6, 10 da 14, da ta ƙyanda a wata 9.
• Girman yaro: auna nauyi da kaurin damtse. Kaurin da bai kai santimita 11.5 ba a yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 alama ce ta tamowa mai tsanani.
• Ciwon huhu: ƙirga numfashi. Sau 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri.
• Gudawa: ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14.
• Zazzaɓin cizon sauro: gwajin jini kafin magani.
• Sikila: gano ta da wuri da bin yaro a kai a kai.

Abin da ya rage ga iyaye

Ku zo da katin rigakafi da duk maganin da aka ba yaro a gida, har da na gargajiya. Kuna da damar tambayar sunan babban likitan da ke kula da ɗanku. Idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai, ko yana jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, kada ku jira layi. Ku kai shi ɗakin gaggawa nan take.