Yadda Wasan Kwaikwayon Hausa Ya Girma a Makaranta: Nijeriya da Nijar

Hausawa ba baƙin kwaikwayo ba ne. Tun kafin zuwan boko yara suna yin tashe a watan azumi, matasa suna kalankuwa bayan kaka, inda ake naɗa sarki da fadawa na wasa, a fada kuma ana wasan gauta. Amma wasan da ake rubutawa, a raba wa 'yan wasa matsayi, a aiwatar da shi a dandamali, a makaranta aka haife shi. Sai dai hanyar da ya bi a arewacin Nijeriya dabam take da wadda ya bi a Nijar, kuma siyasar harshe ce ta kawo bambancin.

A Nijeriya, Turawan Ingila sun mayar da Hausa harshen koyarwa a makarantun elementare, saboda haka aka buƙaci abin karantawa. A shekarun 1930 Rupert East ya fitar da littafin Six Hausa Plays, gajerun wasanni shida da aka tsara domin ɗalibai. Gajarta tana da dalili: wasan da bai wuce fitowa kaɗan ba yana da sauƙin haddacewa, ba ya bukatar kaya masu tsada, kuma ana iya gama shi a yammaci ɗaya a filin makaranta. Raha kuwa ita ke riƙe mai kallo har saƙo ya shige shi.

Ba a daɗe ba 'yan ƙasa suka karɓi alƙalamin. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, wanda aka buga a 1949, yana faɗakarwa kan tsabta da kiwon lafiya. Dogondaji ya biyo baya da Malam Inkuntum. Amma wanda ya fi nuna kaifin wannan makami shi ne Malam Aminu Kano. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, har zuwa lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauchi, ya riƙa shirya gajerun wasanni na barkwanci da ke tona asirin ha'incin 'yan kasuwa da zaluncin masu riƙe da iko. Abin da ba a iya faɗa wa hakimi a gabansa, sai a sa shi a bakin yaro mai rawanin aro, jama'a su yi dariya, su kuma gane inda aka dosa. Da haka wasan da aka kawo don koyar da karatu da ladabi ya koma hanyar sukar hukuma.

A Nijar labarin ya sha bamban. Faransawa ba su yarda da harshen gida a aji ba. Faransanci kaɗai ake ji. Tushen wasan makaranta a ƙasashen da Faransa ta mallaka yana makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ta horar da malamai da ma'aikata, ciki har da 'yan Nijar irin su Boubou Hama da Hamani Diori. A shekarun 1930 akan umarci ɗalibanta su tattaro al'adun garuruwansu a lokacin hutu, daga nan a mayar da wasu wasan kwaikwayo. Har birnin Paris suka kai wasanninsu a 1937. Al'adar ta gida ce, amma harshen na baƙo ne, don haka talakan Maraɗi ko Damagaram bai da rabo a ciki.

Hausa ta hau dandamalin Nijar sosai ne bayan samun 'yanci a 1960, ta hanyar rediyo da ƙungiyoyin matasa. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da Samariya, aka kuma riƙa shirya bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasar wasanni. A nan ma malaman makaranta ne a gaba. Fitaccen cikinsu shi ne Yazi Dogo, malami da ƙungiyarsa ta Damagaram ta yi suna a rediyo da talabijin. Salonsu bai dogara ga rubutu ba: sukan amince da jigo da zubin labari, kowane ɗan wasa ya ƙago maganarsa a fage. Gwamnati ta so wasannin su yaɗa manufofinta na raya ƙasa, 'yan wasa kuwa sukan cusa zambo ga ma'aikaci mai cin hanci da boka mai damfara.

Wannan tarihi ya bar wa ɗalibin Hausa gado iri biyu. Na Nijeriya yana cikin littattafai, ana nazarinsa a aji, ana fitar da tambayoyin jarrabawa daga cikinsa. Na Nijar mafi yawansa yana cikin faifai da ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi shi, kuma abin da ba a rubuta ba yana iya bin mai shi kabari. Duk mai son cikakken tarihin wasan kwaikwayon Hausa sai ya haɗa karatu da saurare, ya kuma tsallaka iyaka.