BARA DA BARANTAKA: TARIHIN WATA KALMA A ƘASAR KANO

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, duk shekara a wannan taro mukan ji masu bege suna kiran kansu barorin Shehu, mukan kuma ga matasa sun yi ɗamara suna shimfiɗa da rabon abinci. Amma da yawa daga samarinmu na Hotoro da kewaye, idan aka ce wa ɗayansu bara a wajen zawiya sai ransa ya ɓaci, yana ganin an kira shi bawa ko mabaraci. Saboda haka ya kyautu mu waiwayi asalin wannan kalma.

Da farko, kalmomi uku ne rubutun boko ya haɗa su a siffa ɗaya, alhali furuci ya raba su. Akwai bara shekarar da ta gabata, akwai bara ta roƙo, sannan akwai bara mai hidima, wanda jam'insa barori, macensa kuwa baranya. A kan na ukun nan ne maganarmu take.

A ƙasar Kano ta da, tsakanin bawa da bara akwai rata mai faɗi. Bawa mallaka ne, ana saye ana sayarwa, ana kuma gadonsa. Idan ubangijinsa ya yarda yakan yi murgu, wato ya nemi na kansa yana biyan wani abu da aka yanka masa, ko ya tara dukiya ya fanshi kansa. Ɗan da bayi suka haifa a gida shi ake kira bacucane. A fada kuma akwai bayin sarki, waɗanda Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819-1846) ya ƙarfafa sarautunsu, irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama. Sun riƙe makamai, sun kula da gandayen sarki irin na Fanisau da Ɗorayi, har ikonsu ya fi na 'ya'ya da yawa, amma duk da haka sunan bauta bai sauka daga kansu ba.

Shi kuwa bara ɗa ne. Da ƙafarsa yake zuwa ya yi caffa ga basarake ko attajiri ko malami. Zai yi masa noma, ya kula da doki, ya je aike, ya raka shi fatauci ko fagen fama. Ubangida kuma ya ɗauki nauyin cinsa da suturarsa, ya yi masa aure, ya shige masa gaba idan wata matsala ta taso, daga ƙarshe ya ba shi jari ko ya nema masa muƙami. Wannan alaƙa ita ce barantaka, kuma igiya ce mai baki biyu: in ubangida ya kasa riƙe nasa bakin, bara yana da ikon yin sallama ya nemi wata inuwar. Da irin wannan amana fatake suka riƙa kai kaya Gwanja suna dawowa da goro. Da ita kuma Alhassan Ɗantata (1877-1955) ya baza yaransa ƙauyuka sayen gyaɗa bayan zuwan jirgin ƙasa Kano.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun zo da dokar da ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris, 1901, sannan a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. Sai sababbin sunaye suka shigo daga gidajen Turawa na Nasarawa da Bompai: boyi da kuku da masinja. Bayan nan masana'antu suka kafu a Bompai, daga bisani a Sharaɗa da Challawa, masaƙu da majemu da injinan matsar gyaɗa, sai ga lebura. Binciken Paul Lubeck da aka buga a 1986 ya nuna cewa da yawa daga leburorin Kano almajirai ne da 'yan cirani a asali. Lebura yana sayar da sa'o'insa ne a biya shi, da ya fita ƙofar kamfani magana ta ƙare. Lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ƙarancin wutar lantarki suka durƙusar da masana'antu da dama, magidanta masu yawa sun wayi gari ba su da mai cewa nasa ne. Wasu suka koma Kantin Kwari da kasuwar Singa a matsayin yaran kanti, wato suka koma tsohuwar barantaka da sabon suna.

A zaurukan malamai da zawiyoyi ne kalmar ta ci gaba da riƙe mutuncinta, tare da 'yar'uwarta ta Larabci, hadimi. Sayyidina Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (S.A.W.) hidima shekara 10, ya kuma ba da shaida cewa bai taɓa yi masa faɗa ba. Ya inganta a hadisi cewa an hana mutum ya ce wa wanda yake ƙarƙashinsa bawana, an yi umarni ya ce yarona, domin bauta ta Allah ce Shi kaɗai. Shi ya sa Bahaushe yake kiran wanda bai sani ba da bawan Allah, don girmamawa. Shehu Ahmadu Bamba na Senegal, wanda ya rasu a 1927, ya shahara da laƙabin Hadimin Manzo. A 1986 Sarki Fahad na Saudiyya ya ɗauki laƙabin Hadimin Masallatai Biyu Masu Alfarma. Ashe sunan da yaro yake gudu, manya ne suke nemansa.

To, 'yan'uwa, ga abin lura. Matashin da aka kira bara ya sani cewa sunan ɗa ne mai amana, ya riƙe shi da gaskiya. Mai gida kuma, ko ɗan kasuwa ne ko malami, ya sani cewa duk wanda ya karɓi hidima ya ci bashi. Yaron da ya shekara 10 yana buɗe maka kanti, ko yana share maka zaure, yana da haƙƙin karatu da aure da jari a wuyanka. Wanda ya karɓi hidima ya hana wannan haƙƙi, ya mayar da ɗa bawa, abin da shari'a da al'ada duka ba su yarda da shi ba.

Allah Ya sa mu cikin bayinSa na gari, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin na ƙasa da mu, Ya maimaita mana. Amin.