Irin Kwakwar Manja da Ajin Tattalin Arzikin Noma: Gyara Ga Wani Labari

Akwai labarin da ya zauna daram a bakin 'yan siyasa, har ya kutsa cikin laccocin tattalin arzikin noma a jami'o'inmu: wai Malesiya ta zo Najeriya a shekarun 1960 ta ɗebi irin kwakwar manja, ta koma ta shuka, ta wuce mu. A ganina labarin bai inganta ba, kuma yana koya wa ɗalibi ya nemi dalili inda babu shi.

Tarihin sananne ne. Tun 1848 aka dasa itacen a lambun Bogor da ke Java, kuma gonar kasuwanci ta farko a Malaya (wadda yanzu ke cikin Malesiya), wato Tennamaram a Selangor, ta fara a 1917.

Mai jayayya zai ce ai an ɗebi iri. Gaskiya ne: a 1973 masana daga MARDI, cibiyar binciken noma ta Malesiya, tare da NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja da ke kusa da birnin Benin, sun tattara iri a kudancin Najeriya. Amma a duba shekarar. Kafin lokacin, tun tsakiyar shekarun 1960, Malesiya ta sha gabanmu wajen fitar da manja. Abin da aka tara a 1973 kayan aikin masu tagwaita iri ne, don itatuwan Malesiya kusan duk zuriyar 'yan tsiron Bogor ne. Mai jayayyar zai ƙara da cewa ko ƙwaron da ke barbarar furen daga Kamaru aka kai shi a farkon shekarun 1980. Wannan ma haka yake, sai dai hujjar ta juya masa baya. Ƙwaron yana maƙwabtaka da mu tun fil'azal. Wanda ya biya kuɗin gano amfaninsa shi ya ci moriya. Tambayar da ta dace da fanninmu ita ce: daga wane aljihu kuɗin binciken ya fito?

Kuala Lumpur ta saba da amsar tun zamanin Cibiyar Binciken Roba: a ɗora ɗan haraji kan kaya, a mayar da shi ga binciken kayan. Haka aka yi wa PORIM, cibiyar binciken manja da aka kafa a 1979, wadda ta narke cikin hukumar manja ta MPOB a 2000. Hukumar raya filaye ta FELDA kuwa, da aka kafa a 1956, ta riƙa bai wa marar gona fili da bashin da zai biya daga amfanin gonar. A namu ɓangaren, hukumomin cinikin amfanin gona sun riƙe rarar kuɗin manomi, aka karkatar da mafi yawanta wasu wurare (Helleiner, 1966).

A nan dole in rage baki. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya faɗa wa yankin manja ne kai tsaye, sannan fetur ya biyo baya, kuma da wuya a ware kason kowane dalili. Iyakar abin da hujja ta ɗauka shi ne, iri ba ya cikin manyan dalilan. Haka nan wanda zai yabi FELDA a aji sai ya sa dajin da aka sare cikin lissafi, in dai da gaske albarkatun ƙasa yake koyarwa.

To, me ɗan Kano ko Katsina zai samo in ya je karatu a Universiti Putra Malaysia da ke Serdang, alhali kwakwar manja ba ta yi a gonar ubansa? Watakila hanyar aiki. Ungku Abdul Aziz na Jami'ar Malaya ya bi ƙauyuka yana nazarin talauci, ya ga manoma na sayar da gona da dabba don zuwa Makka, daga nan shawarar asusun alhazai ta fito, aka kafa shi a 1963. Mu ma ba baƙin wannan hanya ba ne. David Norman da abokan aikinsa a Samaru ta Zariya sun bi gonakin ƙauyukan Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi, suka nuna cewa mai haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ya san lissafinsa sarai. Kundin digiri da aka gina kan alƙaluman da aka sauke daga intanet, ko a Serdang aka rubuta shi ko a Zariya, ba zai iya gano irin wannan ba.